Masu sayen faifan grime: don kunne ko don ido?

Duk shekarar da wani kundin waƙoƙin grime ya ci babbar kyauta a Birtaniya, sai tsohuwar gardamar nan ta taso. Waɗannan mutanen da suka ruga kanti suka saya, da gaske suna jin daɗinsa, ko kuwa so suke a shigo ɗakinsu a gani a ce su ma sun waye? Na sha jin gardamar a shagon aski a Forest Gate, na ji ta a wurin aiki, na kuma ji ta a bakin 'ya'yan kawuna da aka haifa a Landan, waɗanda suka tashi tare da wannan kiɗa tun kafin a raɗa masa suna. Ni ma ina da abin cewa, domin kiɗan ya shiga jinina tun zuwana ƙasar karatu a 2004, kuma har yau bai fita ba.

Ga mai karantawa daga gida wanda bai taɓa jin sa ba, grime wani salon gambara ne da ya ɓullo a gabashin Landan a farkon shekarun 2000, musamman unguwar Bow da kewayenta, a hannun yaran da suka tashi a dogayen benayen ƙaramar hukuma. Akasarinsu baƙar fata ne, 'ya'ya da jikokin mutanen Jamaika da Najeriya da Ghana, tare da 'ya'yan Turawa talakawa da suka yi wasan ƙuruciya da su. Ba gambarar Amurka ba ce. Tushensa kiɗan garage da jungle na Ingila ne, da al'adar dancehall ta Jamaika inda mai baiti ke hawa kan kiɗa yana fafatawa da ɗan'uwansa. Kiɗan na gudu ne, bugu wajen 140 a minti ɗaya, sautinsa a bushe, ga sanyi ga kaifi. Da yawa daga cikinsa a ɗakin kwana aka haɗa shi da tsohuwar kwamfuta, wasu yaran ma da na'urar wasa ta PlayStation suka fara. Wiley, wanda ake ɗauka uban tafiyar, har sunayen ƙanƙara da sanyi yake sa wa kiɗe-kiɗensa na farko.

Kundin da ya fara jawo gardamar shi ne Boy in da Corner na Dizzee Rascal, wanda kamfanin XL ya fitar a watan Yulin 2003. Yaro ne ɗan shekara 18 daga Bow, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa 'yar Ghana. An kore shi daga makaranta fiye da ɗaya, har Allah ya haɗa shi da wani malamin kiɗa a makarantar Langdon Park wanda ya bar shi ya riƙa zama gaban kwamfuta a ajinsa. Mafi girman matakin da kundin ya kai a jadawalin ciniki shi ne na 23. A watan Satumba na shekarar sai ya ci kyautar Mercury, wadda alƙalai ke ba kundin da suka ga ya fi kowanne a Birtaniya da Ayilan, kuma cikin waɗanda ya kayar har da manyan ƙungiyoyin mawaƙa Radiohead da Coldplay. Daga nan sai manyan kantuna suka jera shi a gaba, jaridun da masu hali ke karantawa da shayin safe suka cika shafi da yabonsa, mutanen da ba su taɓa taka Bow ba suka fara saye.

Kundin nan kuwa ba mai sauƙin ji ba ne. Muryar yaron siririya ce, tana fashewa kamar wanda aka shaƙe, kiɗan yana karo da kansa, maganar kuma ta tsoro ce da wuƙa da 'yan sanda da cikin shege da ƙuncin zuciya. Akwai ashar a ciki, akwai kuma kalaman da ni kaina ba na yarda a sa su a gaban yara ko a gaban manya. Turancinsa ma na unguwa ne. Ni da na zo da Turancin makaranta sai da na daɗe kafin kunnena ya fara tsintar kalmomin. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mutum ya ga lauya ko malamin jami'a ɗan shekara hamsin ya ɗauko shi a kanti, ya ce a ransa: anya wannan zai saurara kuwa?

Ganin ido akwai shi, ba zan ɓoye ba, domin na gani da idona. Wani abokin aikina ya taɓa gayyatar mu cin abincin dare a gidansa a Hackney, cikin irin tsofaffin gine-ginen da aka gyara aka tsauwala musu kuɗi har 'yan unguwar suka kasa zama. A kan kantar falonsa faya-fayen garmaho ne jere, duk a tsaye sai gefensu kake gani, in ban da guda ɗaya da aka juyo da fuskarsa waje. Bangon nan ne ruwan ɗorawa, yaron yana zaune a kusurwa cikin baƙaƙen kaya, ya ɗora yatsu biyu a ka kamar ƙaho. Raina ya yi fari da na gan shi. Na ɗauka, sai na ji ledarsa ba a ma yage ta ba. Na ce masa ya sa mana mu ji. Ya yi murmushi ya ce ba ya son ya buɗe, kuma gaskiya shi bai cika jin irin wannan kiɗa ba, amma kundi ne mai muhimmanci, ya kamata a ce mutum yana da shi. Ya sa mana wani kiɗa mai taushi muka ci abinci. Mutumin kirki ne, bai yi mini ƙarya ba, amma na koma gida da nauyi a zuciya. Yaron ya zuba duk abin da ke cin ransa a faifan nan, ga shi ya zama kayan ƙawata falo a unguwar da irinsa ba sa iya kama haya.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A 2016 kamfanin ICM ya yi wani jin ra'ayi da BBC ta ruwaito, inda kashi 48 cikin ɗari na waɗanda suka sayi faifan garmaho a watan da ya gabata suka ce ba su riga sun sa shi ba, kashi 7 kuma suka ce ba su ma da na'urar sa shi. Binciken ba a kan grime kaɗai aka yi shi ba, amma ya nuna ɗabi'ar. Abin yakan tuna mini da jeren ɗakin amarya: kwanuka da tasoshi sun cika kabad suna ƙyalli, ba a taɓa zuba musu miya ba, aikinsu shi ne su gaya wa mai shigowa daga wane gida aka fito. Ba wanda ke zargin amarya da yin jere. Sai dai kwano ba ya rasa komai idan ya shekara a kabad, waƙa kuwa mai ita don a ji ya yi ta.

Duk da haka ina tsoron yanke wa mutane hukunci daga ganin fuska, domin niyya a zuci take. A wurin wani aikin wucin gadi da na yi lokacin ina ɗalibi akwai wani direban motar kaya, Bature, furfura ta fara cin kansa. Shi ma bayan kyautar Mercury ya sayi kundin, kuma da bakinsa ya gaya mini jarida ce ta sa shi saye, don yana son ya san abin da ake ta surutu a kai. Ya ce jin farko ciwon kai ya sa masa. Amma faifan ya zauna a motar, hanyar kuma doguwa ce, sai ya ci gaba da sawa. Lokacin da na san shi yana bin baitocin da baki yana buga sitiyari, kuma ya fi ni sanin inda kowace waƙa ke juyawa. Ya ce fushin da ya ji a ciki shi ne irin wanda ya ji a kiɗan punk yana saurayi a 1977, na yaran da aka gaya musu ba su da gobe. Da a kanti ka gan shi ranar da ya saya, da ka sa shi cikin 'yan bi yarima a sha kiɗa. Da yawa a haka suke shigowa: yabon jarida ya kawo su bakin ƙofa, wasu su juya, wasu su shige ciki su zauna.

Amma ni a ganina duk wannan gardama an gina ta ne a kan kuskure guda, wato zaton cewa kundi shi ne gidan grime, kuma mai saye shi ne masoyi. Waɗanda suka fi kowa son kiɗan nan, a shekarun da ya fi zafi, yawancinsu ba su sayi kundi ba.

A gidan kawuna na sauka, ɗaki ɗaya muke kwana da babban ɗansa, wanda a lokacin yana sakandare. Yana da wata tsohuwar rediyo mai kaset wadda eriyarta ta karye, ya maƙala mata wayar rataye riga. Idan dare ya yi, bayan Kawu ya leƙo ya tabbatar an kashe fitila, sai ya jawo ta ƙarƙashin bargo ya rage murya, ya riƙa murɗa maɓallin a hankali har ya kamo Rinse FM ko Deja Vu. Tashoshi ne marasa lasisi, ɗakin watsa shirinsu a ɓoye, na'urarsu a kan rufin wani dogon bene. Sai ka ji shuuu, sai kiɗa ya faso, sai muryoyin samari shida ko takwas suna miƙa wa juna makirfo, kowa ya zuba baitinsa ya ba na gaba. Idan wani ya faɗi baitin da ya girgiza ɗakin, sai ka ji ihu, DJ ya ja faifan baya da hannu, ƙiii, a sake daga farko. Masu sauraro ma suna da ta cewa: ana ba da lambar wayar ɗakin, in baiti ya yi maka sai ka yi filashin, idan kiran ya taru sai a maimaita. Na ga yaron nan yana danna wayarsa hannunsa na rawa, yana raɗa mini, "Yaya, ji wannan, ji wannan!" Yatsansa ɗaya kuma yana kan maɓallin ɗauka, domin gobe kaset ɗin zai zaga ajinsu.

Da rana kuwa sai a bayan bas mai lamba 86, a saman bene, tsakanin Stratford da Ilford. 'Yan makaranta sun haɗa kai suna tura wa juna waƙa ta Bluetooth, wayar Nokia ko Sony Ericsson tana ƙara da ƙaramar lasifikarta, wani yana gwada nasa baitin a kai. Ba kobo da ya fita daga aljihun kowa, kuma babu jadawalin da ya ƙirga su. Abin da ake saye da kuɗi a lokacin shi ne faifan garmaho mai farin tambari, wanda masu haɗa kiɗa ke bugawa da kansu su kai shaguna irin Rhythm Division a kan titin Roman Road, DJ-DJ su saya don aiki. Sai kuma faya-fayen bidiyo irin Lord of the Mics, wanda Jammer ya fara a 2004 a ɗakin ƙasa na gidan iyayensa a Leytonstone, inda mawaƙa biyu ke tsayawa fuska da fuska suna yi wa juna zambo. A na farkon ne Wiley ya kara da Kano, wani mawaƙi daga East Ham mai asali da Jamaika (sunansa na waƙa ne kawai ya zo ɗaya da na birninmu). Ga kuma tashar talabijin ta Channel U, wadda ke sa bidiyon da yara suka ɗauka da kansu a ƙofar gida.

Masu wannan harka kuwa sun biya da jikinsu. Mawaƙan da kansu suke ba da kuɗin karo-karo kafin a ba su lokaci a tasha. Hukuma tana hawa rufi tana kwashe na'urori, su kuma su sake harhaɗa wasu. A 2005 kotu ta hana DJ Slimzee na Rinse FM hawa rufin dogayen benaye a yankin Tower Hamlets. Sai a 2010 tashar ta samu lasisi, shekara 16 bayan kafa ta a 1994. To ka gaya mini, tsakanin yaron da ke ƙarƙashin bargo da kaset da mai falon Hackney, wa ya fi son grime? Amma a takardar ciniki ɗaya ne kawai ya fito, kuma ba yaron ba ne.

Shi kundi, a matsayin abin da ake zama a saurara daga farko zuwa ƙarshe a rubuta sharhi a kai, al'ada ce ta masu kiɗan rock da jaridunsu. Kyautar Mercury kundi take dubawa, ba ta duba shirin rediyo na awa biyu, ba ta duba karon baiti a ɗakin ƙasa. Duk mawaƙin grime da ke son alƙalai su gan shi dole ya zuba kansa a wannan mazubi. Dizzee ya iya, kuma ya yi abin da ya cancanci kowane yabo da aka yi masa. Ban taɓa shakkar wannan ba. Amma ba kowane gwani ne gwanin kundi ba. Wani ƙarfinsa duk a cikin taro yake, a daƙiƙa talatin ɗin da zai karɓi makirfo ya tayar da ɗaki. Idan ka kai shi ɗakin ɗaukar murya shi kaɗai, ka ce ya yi waƙa goma sha biyar masu amshi, sai wutar ta mutu.

Lokacin da aka gane na gaske shi ne daga wajen 2008 zuwa 2013. Manyan sunaye sun koma kiɗan rawa mai sayuwa. Dizzee ya hau mataki na ɗaya a 2008 da waƙar da ya yi da Calvin Harris, ya sake hawa a 2009. Tinchy Stryder, haifaffen Ghana, shi ma ya hau a 2009. Ban zarge su ba, mutum ya tashi cikin babu dole ya nemi na kansa. Amma jaridun da suka yi ta kirari sai suka fara rubuta cewa grime ya mutu, masu saye don yayi kuma suka koma wani yayin. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Waɗanda suka rage su ne irin JME da bai taɓa sa hannu da babban kamfani ba, da Elijah da Skilliam da suka kafa kamfanin Butterz suna fitar da kiɗa zalla, da Logan Sama da shirinsa na dare a tashar rediyon Kiss, da Jamal Edwards, Allah ya ɗauki ransa a 2022, wanda ya fara tashar bidiyo ta intanet SB.TV yana yaro da kyamarar hannu. Da su da 'yan ɗaruruwan da ke zuwa ƙananan wuraren rawa a ranar aiki.

Sai abin ya dawo da ƙarfi. A 2014 Skepta, yayan JME, ɗan Tottenham wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya fitar da bidiyon da aka ce fam 80 aka kashe masa, ya kuma ci kyautar MOBO da shi. A Fabrairun 2015 Kanye West ya hau dandalin bikin ba da kyaututtukan waƙa na Brit da tarin mawaƙan grime a bayansa, Drake kuma ya riƙa nuna kusancinsa da su Skepta. Nan take 'yan yayi suka dawo, har da gidajen ɗinkin kayan ƙawa. A 2016 kundin Skepta mai suna Konnichiwa, wanda ya fitar a ƙarƙashin kamfaninsu na kansu Boy Better Know, ya kai mataki na biyu, sannan ya ci Mercury a shekarar da kowa ya zaci za a ba shahararren mawaƙi David Bowie da ya rasu a watan Janairu. Kano ma yana cikin 'yan takara a shekarar da kundinsa Made in the Manor. Na kalli bikin a talabijin, da na ga iyayen Skepta sun hau dandali tare da shi, hawaye ya cika mini ido, domin na san irin iyayen nan, na san irin faɗan da suka yi da 'ya'yansu a kan kiɗa da karatu.

A wannan zagaye na biyu ne na fahimci akwai dalili na uku na saye, wanda masu gardamar ba sa ambata. A Disambar 2015 Stormzy, ɗan kudancin Landan wanda mahaifiyarsa 'yar Ghana ce, ya roƙi masoyansa su sayi wani baitinsa da ya rera a filin shaƙatawa a kan wani tsohon kiɗan grime, don ya shiga takarar waƙar da za ta hau mataki na ɗaya a makon Kirsimeti. Baitin yana nan kyauta a YouTube, kowa ya riga ya haddace shi, amma mutane suka saya har ya kai mataki na 8. A farkon 2017 kundinsa Gang Signs & Prayer ya zama kundin grime na farko da ya hau mataki na ɗaya, da kusan kwafi 69,000 a makon farko idan an haɗa da saurare ta intanet. Ɗan kawun nan nawa, wanda yanzu magidanci ne da aikinsa, ya sayi faifan sidi na kundin alhali babu abin sa sidi a gidansa. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Yaya, shekara nawa muna ji a banza? Bashi nake biya." Ya ce kuma yana son ya ga ranar da za a karanta jadawali a tashar Radio 1 ta BBC a ambaci ɗan unguwa a sama.

Shi ma faifansa yana cikin leda har yau, kamar na mai falon Hackney. In ka shiga gidajen biyu abu ɗaya za ka gani a kan kanta. Tun da aka fara ƙirga saurare ta intanet a jadawalin kundi a 2015, ji ya koma cikin waya, saye kuma ya zama wata magana dabam: wani ƙuri'a yake jefawa, wani godiya yake yi, wani ado. Leda a jikin faifai ta daina zama shaida. Sai ka zauna da mutum, kiɗan ya tashi, ka ga abin da kafaɗarsa za ta yi.

In don ta kuɗi ne, ba ni da faɗa da mai sayen ganin ido. Fam ɗinsa ya shiga aljihun mawaƙi kamar na kowa, ya taimaka wa yaro ya fitar da mahaifiyarsa daga gidan haya. Abubuwa biyu ne suke ci mini rai game da shi.

Na farko, ba a ji muryarsa ba lokacin da ake buƙatarta. Daga 2005 'yan sandan Landan suka fito da wata takarda mai lamba 696, wadda masu shirya taron kiɗa da DJ da mai baiti za su cike kafin taro, su ba da sunan gaskiya da adireshin duk wanda zai hau dandali. A farkonta har tambaya take yi wace ƙabila ce ake sa ran za ta halarta, sai da aka yi ƙorafi aka cire wannan. Da ita aka riƙa soke taruka, wani lokaci ana gobe za a yi, masu wuraren rawa kuma suka fara gudun duk abin da ya shafi grime don kada su rasa lasisi. A 2014 har a Barbican, babban zauren fasaha na tsakiyar birni, an soke wani taro da JME ke cikin masu wasa bayan 'yan sanda sun sa baki. Sai a Nuwamban 2017 aka janye takardar, bayan magajin gari Sadiq Khan ya sa a sake duba ta. Shekara goma sha biyu kenan ana yaba kundin a falo, ana kulle ƙofar wurin da kiɗan ke numfashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutanen da ke da faifan a kanta su ne masu murya a ƙasar nan, su ke rubutu a jarida, su ke zama a majalisun unguwa, su suka san lambar ɗan majalisa. Da son da suke nunawa ya kai zuci, da takardar nan ba ta yi wannan tsawon rai ba.

Na biyu, shi ne ke rubuta tarihi. Duk jerin da za ka gani na fitattun ayyukan grime, sunaye biyar ko shida ne ke maimaituwa, kuma akasarinsu masu kundin da ya ci kyauta ko ya shiga takara ne. D Double E, wanda manyan mawaƙan da kansu ke sara masa, wanda muryarsa kaɗai ke sa a ja faifai baya kafin ya gama jimla, bai fitar da kundinsa na kansa ba sai 2018. Masu haɗa kiɗa irin Terror Danjah da 'yan Ruff Sqwad, waɗanda sautinsu ne ƙashin bayan abin, ba kasafai mai sayen kundi ya san sunansu ba. Mata irin NoLay da Lioness, da suka tsaya cikin maza suka karɓi makirfo ba tare da an yi musu sassauci ba, su ma haka. Wanda iliminsa na grime ya tsaya a abin da alƙalai suka zaɓa, ya san reshe uku ko huɗu ne, kuma idan shi ne edita ko mai shirya biki ko mai raba tallafi, da wannan ɗan sanin zai yanke hukunci. Gidan tarihi na Museum of London ya yi ƙoƙarin gyara wannan a 2022 da wani baje koli da aka shirya tare da Roony Keefe, mai ɗaukar bidiyon Risky Roadz, inda aka ba rediyo da ɗakin ƙasan Jammer da titunan unguwa muhimmanci. Na ji daɗin hakan ƙwarai, amma baje koli na 'yan watanni ne.

Abin da ya ceci sauran tarihin shi ne kaset ɗin yaran nan. Su ne suka adana shirye-shiryen da tashoshin kansu ba su adana ba, kuma su ne daga baya suka ɗora su a YouTube da SoundCloud, da shuuu ɗinsu da katsewarsu da muryar mai gabatarwa yana gaida mutanen Plaistow da Leyton. Ƙanena da ke Kaduna ya taɓa tambayata ta ina zai fara. Na ce masa ya ji Boy in da Corner da Konnichiwa da Made in the Manor, kowanne daga farko har ƙarshe, kada ya yanke hukunci a jin farko, ya saya in yana da hali. Bayan nan ya nemo shirye-shiryen Rinse da Deja Vu na 2002 zuwa 2005, da karon Wiley da Kano, ya sa su a lasifika mai ƙarfi ba a abin kunne ba, kuma ya kira abokansa biyu ko uku su ji tare.